Lissafin Watannin Nayra

Ranar da kika zo, Nayra, saura wata biyu a sa ranki,
ƙanƙara na kwance a rufin kwanon El Alto.
Nas ta ce in cire riga.
Ni Fermin, direban bas, mai hannu kamar katako,
aka manna min ke a ƙirji,
nauyinki bai kai na dankali goma ba.
Har numfashina na dinga jin tsoro.

Likita ta ce mu rage wata biyu a lissafi,
bakwaini ba ta tafiya da agogon kowa.
Maƙwabta dai ba su iya ragi ba.
Ɗan Eusebiya, tsaranki, ya zauna, ya rarrafa,
ke wuya ma sai an tallafa.

Mahaifiyarki na goye da ke tun asuba
a bayan teburin gasasshiyar masara,
ɗaure tamau cikin mayafi mai ratsin ja,
saboda sanyi, saboda kuɗin haya.
Ina ƙafa za ta koyi harbi a cikin ƙulli?
An ce kullum a kwantar da ke rub da ciki.
A ina? Simintin ɗakinmu cizon ƙashi yake.

Kakarki ta taso daga bakin tafkin Titikaka
da fatar tunkiya biyu da ƙarancin magana.
Ta shimfiɗa, ta zauna gadi.
Gonarta kuwa, wani ya tone.
Yayarki Wara, 'yar shekara shida,
ta kwanta hanci da hanci da ke
tana kaɗa makullin motata,
tana janye shi kaɗan-kaɗan kamar mai mugunta.
Kika yi kuka, kika daki fatar da goshi.
Wata Laraba kika ɗaga kai
kika harare ta.

Asibiti na can ƙasan kwari, sai an hau mota biyu.
Sau uku muka fasa zuwa, ba zan ɓoye miki ba.

Yau na dawo da dare ina warin dizal,
na tarar da ke tsaye, riƙe da ƙafar gado,
gwiwa na rawa kamar ta sabon ɗan tunkiya.
Wata goma sha biyar, in ji kalandar bango.
Sha uku, in ji kakarki, ko ɗagowa daga saƙa ba ta yi ba.
Kika saki hannu ɗaya.
Kika sake kamawa.
Ko takalmi ban cire ba, na zauna a ƙasa,
na miƙo makullin.