Idon da Na Goge

Ni dai aikina guga ne.
Shekara goma sha tara a ɗakin ƙasa na jami'a, nan Kumasi,
inda fanka ke tari tun kafin Dokta Ofori ya yi furfura.
Ƙwayar ƙarau ce, ba ta kai tsabar shinkafa ba.
In ɗora ta a faifai, in ɗiga ruwa, in yi ta juyawa
har fuskarta ta fi ruwan randa kwanciya.

Sahura ce ta nuna mini amfaninta.
'Yar Aboabo, na san uwarta, mai koko a bakin gada.
Ta ce, Baba Mijinyawa, kashe fitila.
Ta saki jan haske cikin zaren gilashi, siriri kamar gashi,
ya shiga ƙarau ta nan, ya fita ta can
bai yi wa kowa sallama ba.
Sai ta matso da wayarta kusa.
Layin da ke kwance a allo ya zabura.

Ta ce iskar nan ba fanko ba ce,
cike take da igiyoyin lantarki da maganaɗisu:
na rediyo, na hasumiyar waya, na rada a filin jirgi.
Ƙarau na jin su, sai ya murɗa hasken da ke ratsa shi,
mu kuma mu karanta murɗar.
Na ce, ashe haske ma ɗan rahoto ne.
Ta yi dariya har ta buge kofin shayina.

Don taransifoma ta fara shi.
Tana so a san inda wuta ke yoyo ba tare da an taɓa ba,
tun ranar da aka sauko da Tanko daga falwaya a Asawase,
safar hannunsa ta narke a yatsunsa.

Ran Talata, ruwa na dukan kwano,
wasiƙa ta zo daga ƙetaren teku.
Suna son idon nan a hancin makami mai linzami,
ya ji raɗar rada daga nesa,
ya bi ta har ɗakin da take fitowa.
Kuɗin zai rufe yoyon rufi,
ya sayi janareto, ya ciyar da ɗalibai biyar.
Dokta Ofori ya ninke takardar gida huɗu,
ya buɗe, ya sake ninkewa.
Sahura ba ta ci wake da shinkafarta ba.

A cikin toroto, hanyar Kejetia, na yi ta tunanin ɗakin can.
Wani ne zaune gaban allo, ya cire takalmi,
wataƙila shi ma fankarsa na tari.
Na san amsar maƙera: mu wuƙa muka ƙera,
mai yanka ya san abin da ya yanka.
Amma wuƙa ba ta gani.
Wannan ni na wanke mata ido.
Linzamin kuwa, ban san hannun da zai riƙe ba.

Har yau ba a ba su amsa ba.
Da safe na tarar da sabuwar ƙwaya a kan tebur,
Sahura ta rubuta a gefenta: kafin Jumma'a.
Ba ta ce ta wa ce ba.
Na ɗiga ruwa.
Na leƙa, sai ga idona a ciki, ƙarami,
yana jiran in fara.