Kwaɗon Iska

Wata uku ina ciyar da rabin Garin Malam ban sani ba.
Akwatin wifi na bisa kanta, fitilunsa kore shar,
ni ke biyan jikka goma sha biyar,
kafin sati biyu ya ce mini tulu ya ƙafe.
Ashe samarin fada sun maida katangata majingina.
Bayan lisha, shayi na tafasa,
fuskokinsu na walƙiya cikin duhu,
ƙwallo suke kallo da gumina.

Ran Talata na ce ya isa.
Na kifa akwatin, na karanta lambobin gindinsa,
na shiga cikinsa da tsohuwar odinatata,
na tarar da inda ake sa kwaɗo.
Iri uku ne. Na ɗauki mai lamba uku,
tunda an ce sabo ya fi ƙwari.
Kalmar sirri kuwa, laƙabin kakata, Ƴarbaƙa,
da shekarar da na shiga lakwal.

Na danna. Fitilu suka suma, suka farfaɗo.
Daga waje wani ya ce, "Kai, rezo ya ɗauke!"
Na kwanta ina murmushi.

Murmushin bai ga hantsi ba.
Barira ta fito da salula a hannu:
saƙon Iliya daga Agadas ya maƙale,
tun jiya yake juyi kamar akuya a turke.
Tsahara na da aikin makaranta, tana hararar kanta.
Odinatar da na ɗaura kwaɗon da ita
ta ce ba ta taɓa ganin gidan nan ba.

Na kashe, na kunna.
Na zare waya, na ƙirga talatin, na mayar.
Na zargi kuran. Na zargi dutsen bayan gida.
Na ɗora akwatin bisa randa ko zai sha iska.
Sau tara na rubuta sunan kakata,
sau tara aka ce ba a san ta ba,
matar da Birni da Zango suka sha furarta!

Na gina katanga, na manta ƙofa,
ni ne kuma a waje.

La'asar sakaliya na haɗiye girma,
na aika a kira Tanimun,
babban limamin masu jingina.
Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaishe ni,
bai yi dariya ba, Allah ya yi masa albarka.

"Baba, odinatarka ta girmi kwaɗon,
mai lamba biyu kaɗai take ji.
Sannan ƴa da ƙa ɗin nan,
akwatin bai yi karatun Hausa ba,
lanƙwasar ce ta shaƙe shi."

Ya karɓi allurar Barira,
ya soka a wani rami da ban san da shi ba,
ya riƙe har fitilu suka yi sallama.
Ya bi salulolin gidan ɗaya bayan ɗaya
yana sa su manta tsohon zance.
Sai ya miƙo mini: "Sa sabuwa, ba lanƙwasa.
Bari in juya baya."

Ya fuskanci bango. Na rubuta a hankali,
harafi, harafi, da yatsa guda.
Muryar Iliya ta faɗo tsakar gida:
yana lafiya, a gaida Baba, a aiko da kilishi.

Na ba Tanimun ɗari biyar, ya ƙi.
Ruwa kawai ya sha, ya tafi.

Sai cikin dare, na yi juyi bisa katifa,
na tuna bangon da ya fuskanta:
nan madubin Barira yake rataye.

Can na ji an danne ihu bayan katanga,
wani ya zura ƙwallo a wata ƙasa.
Ƙamshin shayi ya tsallako.
Na duba tunkiyata, tana nan ɗaure,
babu ɓarawon da zai zo inda ake hira.

Gobe, na ce, zan canja.
Yau kwana goma sha ɗaya.