Ci Gaba a Shafi na Sha Ɗaya

Mu uku ne, in an ƙirga da ni,
a shagon Lurwanu mai gyaran rediyo, bayan Ƙofar Guga,
muke tsintar maganar Bawale Ɗan Tsauri
kamar kaji a masussuka, ƙwaya bayan ƙwaya.

Waƙoƙinsa muna da su, kaset ya cika kwali.
Bakinsa muke nema in ya ajiye gurmi,
in ɗan jarida ya zauna gabansa da biro
ya ce, "Malam Bawale, ya aka yi ka hau wannan hanya?"

Ta farko a jikin tsire na same ta.
Na saya a Sabon Layi, na kwance ƙunshi,
sai ga fuskarsa, mai ya ci rabin hula,
yaji ya zauna daram a kan kalmar duniya.
Naman ya huce ban taɓa ba.
Na shanya takardar a igiya kamar wanki,
matata na leƙe, tana tambayar ko lafiya.

Malama Saude ta kawo uku daga adakar kakarta,
sun kwana ƙarƙashin atamfa shekara arba'in,
suna ƙamshin kafur da turaren ajiya.
Lurwanu ya bi wani tsohon masinja har Dutsin-Ma,
ya ba shi batir shida da alkawarin gyara kyauta,
ya dawo da mujalla guda, gara ta cinye tsakiya.

Da muka jera su a benci, sai gardama.
Nan ya ce a Tsauri aka binne masa cibiya,
can ya ce a hanyar Batsari, gindin wata tsamiya.
Nan gurmi gadon kawunsa ne,
can ya tsince shi rataye a bakin rijiya.
Saude ta ce 'yan jarida ne ba sa ji da kyau.
Lurwanu ya ce, "Mai waƙa ɗari biyu
shi za a hana haihuwa biyu?"
Ni ina goge tabarau, na kasa zaɓen gaskiya.

Akwai guda da ta hana mu barci,
ta shekarar da ya rataye gurmi.
Aka ce, "Me ya sa ka daina?"
Ya ce, "Ai ranar da na dawo daga Jibiya,
ina shiga zaure na tarar da..."
Sai ƙaramin rubutu a ƙasa:
ci gaba a shafi na sha ɗaya.

Shekara huɗu muna bin shafin nan.
Masu ƙosai sun san mu, masu goro na yi mana tsiya.
A ɗakin karatu aka ce ruwa ya shiga
damunar da rufin ya buɗe ta baya.

Ƙanwarsa Tambai na nan a Rafin Daɗi, tana sayar da daddawa.
Muka miƙa mata, ta nisanta takardar da ido,
ta daɗe.
"Wannan hular ta aro ce, ta mijina.
Har ya rasu bai mayar ba."
Muka ce, Inna, me ya tarar a zaure?
Ta ce, "Sau nawa na tambaye shi?
Ran nan ya ce akuya ta ci tsirkiya.
Ran nan ya ce wani yaro ya tarar yana rera tasa, ya fi shi murya.
Ran nan bai ce komai ba,
ya ci gaba da ɓarar gyaɗa yana dariya."

Ta ce a bar mata hoton.
Muka dubi juna. Na zare mai tabon yajin,
ta naɗe, ta ƙulle a haɓar zane tare da canji.

Yanzu sha tara ne a jakar, da ashirin ne.
Mun bar farar takarda inda shafin zai zauna.
Jiya ma na sayi tsire a Sabon Layi,
na ce wa yaron ya naɗe a hankali,
na kwance a gida, gaban fitila:
tallan taki ne, da jadawalin motocin Zariya.