Tukunyar Kandala

A Jiratawa, bayan rumbuna,
kakata Kandala na da murhu shida.
Ta jiƙa jar dawa, ta shanya tsiro a tabarma,
ta niƙa, ta dafa, ta bar shi ya kwana,
kuma ba da harshe take gane ta nuna ba:
kunne take karawa a jikin tukunya.

"Saurara," ta ce wa uwata.
"In tana gunaguni, da saura.
In ta soma raɗa, aika a kira 'yan gayya,
ke kuma wanke ƙwarya."

Shekarar da Gulbi ya ƙi kawo ruwa
dawa ta zama ta bakin yara.
Kandala ta kife tukwane biyar,
ta sayi buta da tasbaha,
ba wanda ya tambaye ta, ita ma ba ta ce ba.
Ta shidan ta ɗora wa Tsahara a amalanke:
"Wuta ba ruwanta da abin da aka girka.
Zaɓi naki, ki kama hanya."

Bagalam. Ɗaki ɗaya, haya jika biyu.
Zoɓo da citta da kanumfari,
a ƙulla a leda, dala biyar-biyar.
In na taso lakwal sai bakin tasha,
tafin hannuna ja har malam ya zaci lalle ne,
direbobin Dakwaro na ƙwala mini kira:
"Ke, 'yar mai tsamiya!"

Firigon farko daga Jibiya ya zo,
tsoho, yana tari dare da rana.
Bashin Nomau mai gyaɗa ne.
Azumi ya faɗo a tsakiyar bazara,
kwalba ɗari uku a jere,
sai wuta ta ɗauke.
Kwana ɗaya. Kwana biyu.
A dare na uku muka ji fas! fas!
murafe na tashi suna dukan kwano,
kumfa na rarrafe har bakin ƙofa.
Na zauna ina lissafi da kuka.
Uwata ta shinshina, ta dafa bango,
ta ce, "Kakarki ce ta leƙo gaisuwa,"
har tana share hawayen dariya.

Kafin kiran assalatu mun tuttule a kwata,
kada maƙwabta su ji wari.
Shekara biyu muna biyan Nomau.
Na yi wata huɗu a Yamai wurin masu awon abinci,
na dawo da ma'aunin zafi da littafi mai layi,
na koyi dafa kwalba, na koyi rubuta kwanan wata,
na koyi cewa tsami ba ya jin magiya.

Yau mu goma sha bakwai ne a Ali Ɗan Sofo.
Allunan rana a kan rufi,
tankunan ƙarfe uku da Ila ya haɗa da walda.
Na goruba ya karɓu har Tasawa,
na ɗinya kuwa mu kaɗai muka sha abinmu.
Da aka rufe iyaka kwalba ta yi wuya,
muka bi gida-gida muna sayen tsofaffi,
Hajo da Mantai suna wankewa har farcensu ya yi fari.
Ba mu sallami kowa ba.
Tsahara ba ta ga wannan ba, Allah ya ji ƙanta,
mota ta farko kawai ta gani,
ta shafa ta, ta ce fentin ya cika hayaniya.

Jiya sabon yaron da muka ɗauka, mai takardar jami'a,
ya same ni na kara kunne a tanki na biyu.
Ya nuna mini allura, ya ce, "Hajiya, ai ga awo."
Na ce na gani.
Ban ɗaga kaina ba.

Ta shidan tana nan a bakin ƙofar sito,
ta tsage daga wuya zuwa gindi,
ba ta riƙe ruwa.
Makullai muke jefawa ciki da yamma,
da rasiɗin wuta, da tsintsiya.