Da Hanci Na Sha

Shekara talatin da ɗaya ina bayan kanta
a Sabon Gari, ina goge gilashi.
Ko ɗigo bai taɓa sauka a harshena ba,
Allah shaida ne. Amma hanci,
hanci ba shi da ƙyaure,
baƙonsa ba ya sallama.

Kwalabe bakwai ne can sama, a ƙurya,
wiskin da ba a sirka da na kowa ba:
sha'ir zalla, gida guda,
kamar man shanun da ba a yi wa algus ba.
Maigida ya ce wata ta shekara sha biyu a ganga,
wata sha takwas, cikin duhu, tana sauraron itace.
Na ce to, sun fi ni haƙuri.

Injiniya Nwokeji mai hayaƙi yake so.
In na zare toshiya, sai in ji tukubar mai tsire
da asuba, bayan wuta ta mutu,
ga warin ɗakin allura, ga gishiri-gishiri.
Shi ya ce ƙamshin teku ne.
Ni ban taɓa ganin teku ba, ban yi musu ba.
Ka sa masa ƙanƙara, ka zagi kakansa.

Barista Kaneng kuwa sai mai zaƙi,
mai dabino da zuma da ɓawon lemo.
Ruwa ɗigo uku, da cokali,
wai don ta buɗe baki ta yi magana.
Ran da na yi huɗu,
ta dube ni kamar na yi shaidar zur.

Fu'ad, ɗan Kwara mai masaƙa a Bompai,
nasa mai yaji ne, citta da kanumfari.
Shekarar da injuna suka yi shiru
ya koma shan mai araha,
amma yakan ce in buɗe masa waccan, ya shinshina,
in mayar.
Ban taɓa rubuta masa wannan a bashi ba.

Akwai wani, ba zan faɗi suna ba,
ta ƙofar baya, bayan lisha,
a kofin shayi ake kai masa,
ya tuttula lemon kwalba a kan 'yar shekara sha takwas.
Injiniya ya gani, ya dafe kai kamar an yi rasuwa.
Na ce ranka ya daɗe, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Wani dare gardama ta yi tsami,
mai hayaƙi da mai zuma, har da buga tebur.
Suka ce Tanimu, kai ne alƙali,
kai da ba ka sha ba ka da ɓangare.
Na nuna ta uku daga hagu,
wadda ƙura ta rufe don ba mai tambayarta.
Suka yi dariya. Ban ba da hujja ba.
Yaya zan ce musu
ƙamshin rumbun uwata ne,
dawa da jiƙaƙƙiyar ƙasa, ran ruwan fari?

Liman ya ce mai ɗauka ma yana cikin lissafi.
Na sani. Da albashin na biya wa yara huɗu makaranta,
da bakin nake istigfari,
ban san wanne zai fi nauyi ba.

Yanzu na ajiye tsumman.
Kullum da safe ina kan bencin Ɗanlami a Fagge,
kafin kofi ya iso bakina in ce masa,
yau kanumfari ya yi yawa,
kuma ruwan nan na rijiya ne, ba na famfo ba.
Ya ce Baba, a ina ka koyi wannan?
In hura shayina.
In ce ƙaro madara kaɗan.