Gidan Haya a Cikin Akwati

Ƙarfe biyun dare, hawa na uku, titin Gidan Zoo.
Daga ni sai akwatin ƙarfe mai ƙyafta ido kore,
sai sanyin da ba don ni aka kunna shi ba.

Kwamfuta goma sha bakwai ke kwana a cikinsa,
ba mai jiki, ba mai allo,
ba wadda za ka dafa ka ji ɗuminta.
Kowace na zaton ita kaɗai ce a gidan.
Ni ke yanka musu ɗaki,
ni ke raba musu ƙwaƙwalwa kamar tuwon gidan yawa.

Baba ya yi shekara talatin yana riƙon gidan haya a Fagge,
ɗaki sha biyu, famfo ɗaya, mita ɗaya, rigima ɗari.
Ranar da na kwatanta masa aikina
sai ya ce, "Ashe gado ka yi, Nafi'u.
Naka dai ba sa faɗa a kan igiyar shanya."

Suna yi, Baba. A kan hanyar fita suke yi.

Ta asibitin Kurna, gada na gina mata,
ta fito bakin titi da adireshinta,
mai nema ya ƙwanƙwasa kai tsaye.
Takwas na masu lissafin albashi kuwa
da sunan mai gida suke fita,
amsa ta dawo zaure, zaure ya san ta wane ce,
kamar wasiƙun da ake rubuta wa
"ta hannun Malam Tasi'u, Fagge".
Akwai kuma wadda Ladidi ke koyon aiki a kanta,
na toshe mata duk tagar waje,
in ta yi ɓarna, ta yi a tsakar gida.

Daga Ɗorayi nake juya su, a kan tabarma,
allo ɗaya ya nuna min wadda ta ƙoshi,
wadda ke haki,
wadda zan ɗauka cak in mayar wani akwatin
ba tare da ta farka ba.

Daren nan na yi wa hannuna yawa.
Layi ɗaya na gyara, lamba ɗaya na sauya,
gadar ta rushe,
kuma ashe a kanta nake bi in shiga.
Na ja ƙofa, mukulli na ciki.

Waya ta yi ƙara. Sista Asabe.
"Allon ya yi fari fat.
Ga mai naƙuda, ban ga katinta ba,
ban san allurar da jikinta ba ya so ba."

Babur, Kabuga, shingen 'yan sanda,
kare ɗaya da ya raka ni har shatale-tale.
Mai gadi ya daɗe yana laluben takalminsa.
Na durƙusa gaban akwatin,
na soka masa waya a ciki kamar mai neman jijiya.

Allah ya so ni, kafin in taɓa komai
na ɗauki hoton gidan yadda yake,
tara da minti arba'in.
Na ce, koma.
Ya koma.
Gada ta miƙe kamar ba ta taɓa faɗuwa ba.

Sai na zauna a ƙasa, ina jin gwiwata na rawa.

Gidan Fagge yanzu shaguna ne, ana sayar da tayil.
Ba wanda ya ɗauki hotonsa a tara da arba'in.
Littafin haya kawai ya rage,
da rubutun Baba mai karkata hagu:
Iya Basira, ɗaki na huɗu, ta biya rabi.
Ba inda zan danna ta ƙarasa.

An fara kiran assalatu.
A ƙasa mai shayi na fasa ƙwan farko.
Saƙo ya shigo daga Kurna, kalma uku:
ta sauka, mace.

Na sake ɗaukar hoton gidan kafin in tashi.