Fuskar Kwando

Ƙarfe biyar na asuba a Farin Gada,
sanyi na cizon yatsu ta cikin safar hannu,
motocin Kudu sun ja layi suna huci.
Ni kuwa ina kan benci a rumfar Kawu Isuhu,
littafin lissafinsa a cinyata,
waya a tafina,
ina auna makarantun koyon kasuwanci.

Jeri uku na samo, kowanne da gwaninsa.
Wadda jaridar Lahadi ta ɗora a kan gaba,
mujallar ma'aikatan banki ta sauko da ita ta huɗu.
Jeri na uku ko sunanta bai kama ba,
kamar an raba gado an manta da ɗan fari.

Wai sun ƙirga malamai masu digiri uku,
sun ƙirga littattafai, sun ƙirga kujeru,
sun ƙirga albashin waɗanda suka gama.
Waɗanda suka ɗaga waya dai.
Wanda ke zaune a gida, wa ya kira shi?
In ma an kira, me zai ce?

Shekara huɗu ina zubin adashi.
Kuɗina ya kai ta bakwai, har da ragowar na mota.
Ta ɗaya kuwa sai na haɗa da filin Baba na Rikkos,
filin kuma mu shida ne a kansa.

Davou, wanda muka yi bautar ƙasa tare,
ta biyu ya gama.
Ya dawo da kwat, da katin suna mai ruwan zinare.
Na ce me ka koyo?
Ya yi dariya har da buga gwiwa.
"Barira, karatun yana cikin littafi,
je ki Taminus ki saya da kuɗin cefane.
Ni lambobin waya na saya."
Har yau bai gama biyan bashin ba.
Amma fa in ya kira, ana ɗagawa.

Nanret ta yi wadda ba ta cikin jerin kowa,
aji ranar Asabar, rufi na yoyo a kan allo,
da wani tsohon malami mai jan biro
da ba ya barin sifiri ɗaya ya wuce shi.
Yanzu mutum tara ke cin abinci a kamfaninta na madara.
Amma ran da ta je neman jari Abuja
manaja ya dubi sunan makarantar
ya ɗora kofin shayinsa a kan takardar.
Ta nuna min zoben da ya bari.
Bai goge ba.

Ga kwandunan tumatir sun iso daga Mangu.
Kawu ba ya duban sama.
Naɗe hannun riga yake, ya zura har gwiwar hannu,
ya zaro na ƙasa, ya matsa, ya sansana.
"Fuskar kwando ba ta taɓa faɗin gaskiya ba," in ji shi,
"tambayi gindi."

Na ce to, na sami amsa.
Har na fara rufe wayar.

Sai na hango shi bayan rumfa, ya tsuguna,
yana tsince manya jajaye masu ƙyalli
yana jera su a saman nasa kwandunan.
Na ce, Kawu, har kai?
Bai ko ɗago ba.
"In ban jera ba, wa zai tsaya,
balle ya zura hannu?"

Direba na ta danna oda.
Kwando arba'in da biyu, na rubuta,
uku sun yi ruwa, an rage musu kuɗi.

Fom biyu ne cikin jakata, an cika, ba sa hannu.
Litinin za a rufe karɓa.
Rana ta fara taɓa kan duwatsu,
yatsuna har yanzu ba su saki ba.